Wai mece ce ma'anar "eventual" ne, kuma a ina ake saka ta?

Ummi_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu Turanci ku taimaka min da wata kalma da ta tsaya min a rai, wato eventual. Ina shirin jarrabawa ne kuma kusan duk abin da na ɗauka zan karanta sai na ci karo da ita, eventual winner, eventual success, eventual collapse. Na duba ƙamus na waya ya ce min abin da ya faru a ƙarshe, to in dai haka ne mene ne bambancinta da final? Ga kuma ultimate ga subsequent duk sun cakuɗe min a kai. Ni dai so nake in san inda zan saka ta a rubutu ba tare da malami ya zaga min ita da jan biro ba.

Nazifi_Kurna:
Wa alaikumus salam. Ai duk abu ɗaya ne da final, Turawa ne kawai da yawan kalmomi. Ki saka wadda ta zo miki.

MalamShehu_Turanci:
A'a Nazifi, kar ka sa yarinya ta rasa maki. Ba ɗaya ba ne. Final na nufin na ƙarshe a jeri, wanda babu wani bayansa, kamar final exam ko final match. Ita kuwa eventual tana ɗauke da labari a bayanta, an daɗe ana abu, an sha faɗi tashi ko an yi ta jira, sannan daga ƙarshe abin ya tabbata. Shi ya sa ba za ki ce eventual exam kina nufin jarrabawar ƙarshen zango ba, babu wanda zai gane ki. Amma in mutum ya yi ta zana jarrabawa yana faɗuwa har wata shekara Allah ya ba shi sa'a, to nan ne za a ce his eventual success. Ummi ki riƙe abu biyu, akwai tazarar lokaci, kuma a lokacin da ake cikin abin ba a san yadda zai ƙare ba.

Bala_Tamaula:
Malam ka bar min wannan, mu 'yan ƙwallo kullum da ita muke kwana muke tashi. Ummi ga misalin da har yanzu yake min ciwo. Gasar kofin Afirka ta 2023 wadda aka buga a farkon 2024 a Kwaddibuwa, Najeriya ta ci masu masaukin baƙi 1-0 a wasan rukuni, Troost-Ekong ya ci da fenareti. Bayan nan Ikwatoriyal Gini ta zuba musu 4-0 a gaban jama'arsu, aka kori kocinsu Gasset ana tsakiyar gasa aka ba Emerse Faé, da ƙyar suka tsallake a cikin waɗanda suka zo na uku. To su ɗin nan ne suka zo suka cire Senegal, suka cire Mali, suka cire Kwango, suka same mu a wasan ƙarshe suka ci mu 2-1. Yanzu duk ɗan jaridar da zai ba da labarin wasan rukunin nan zai rubuta Nigeria beat eventual champions Ivory Coast. Ranar da muka ci su ba su ne zakaru ba, kuma wallahi babu mai cewa za su zama, amma mai rubutun yana tsaye ne a ƙarshen labari yana waiwaye.

Ummi_Gwale:
Kai Yaya Bala wannan ya shiga sosai. Kenan in an ce champions kawai sai a ɗauka dama su ke riƙe da kofin lokacin da aka buga wasan?

Bala_Tamaula:
Yauwa. In da su ke riƙe da kofin sai a ce defending champions ko reigning champions, kamar Senegal a waccan gasar. Haka Saudiyya da ta ci Ajantina 2-1 a Katar a 2022, eventual champions ta ci, don Faransa ce ke riƙe da kofi a lokacin. Kuma ba sai wanda ya ɗauki kofi ba, a 2018 Kuroshiya ta ci mu 2-0 a wasanmu na farko, za ki ga an rubuta eventual finalists saboda sun je har wasan ƙarshe Faransa ta doke su.

Fati_Zinariya:
Ni fa da na ɗauka daga event take, wato abin da ya shafi biki ko taro, irin su event centre ɗin nan. Ashe ba haka ba ne?

MalamShehu_Turanci:
Hajiya Fati tushensu ɗaya amma hanya ta raba su. Dukkansu daga Latin suke, daga wata kalma mai nufin fitowa, wato yadda abu ya fito a ƙarshe, kamar dai yadda muke cewa sakamako ya fito. Event a tsohon Turanci ma tana nufin sakamakon abu, daga baya ne ta fi karkata ga abin da ya auku har ta kai ga taro da biki. Wadda ake yawan rikitawa da ita kuma ita ce eventful, ita ce ake faɗa wa rana ko tafiya da abubuwa da yawa suka faru a cikinta. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta it was an eventual day yana nufin ranar ta cika da abubuwa, wannan kuskure ne kai tsaye, eventful day ake cewa.

DanMaradi_227:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nike kuma wannan kalma ta ba mu wahala ƙwarai mu da muka yi lakkwal, wato makarantar boko, da Faransanci. A wurinmu éventuel na nufin abin da ka iya faruwa ka iya ƙin faruwa, wato mai yiwuwa. In mushe, wato malamin makaranta, ya ce éventuellement za a yi jarrabawa ranar Asabar, to wataƙila ne, kana iya zuwa ka iske babu komi. Sai ka shigo Turanci ka ga kalma kamar an kwafe ta harafi da harafi, sai ka ɗauka ma'ana guda ce, alhali eventually na cewa abin ya faru ko zai faru komi daɗewa. Ɗaya na buɗe ƙofar shakka ɗaya na rufe ta. Kuma abin ba wasa ba ne don na san wani ɗan kasuwa nan garinmu da ya aika takarda ga wani kamfanin roba a Kano, ya sayi kaya kashi na farko sannan ya ce akwai éventuelle commande ta biyu, nufinsa in kasuwa ta karɓa zai ƙara. Yaron da ya juya takardar zuwa Turanci ya rubuta eventual second order. Mutanen Kano suka fahimci magana ta tabbata lokaci kawai ake jira, suka ware mashi kaya suka aje a sito suna ta kira, shi kuma yana cewa shi bai yi alkawali ba. Sai da manya suka shiga tsakani kafin aka fahimci inda matsalar ta fito, kuma har yau hulɗar ba ta koma kamar da ba.

Fati_Zinariya:
Subhanallahi, kalma ɗaya tak.

'YarGarwa:
DanMaradi ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu nan Kamaru da harsunan gwamnati biyu ne, Faransanci da Turanci, kullum cikin wannan rikicin muke, takarda za ta fito daga ofis da harshe biyu gefe da gefe ka karanta ka ga gefen Faransanci na cewa wataƙila gefen Turanci na cewa tabbas. In Bafaranshe ya ce éventuel to a Turanci possible ko potential za ka sa, wani lokacin ma any ta wadatar, kamar any problems. In kuma Bature ya ce eventually to finalement ce ko ka ce abin ya ƙare da kaza. Abin da Yaya Bala ya kawo na ƙwallo ma, 'yan jaridar Faransanci futur vainqueur suke cewa, wato su suna tsayawa a ranar wasan su hango gaba. Kuma ba Faransanci kaɗai ba, Jamusanci da Italiyanci da Sifaniyanci duk ma'anar mai yiwuwa suke ba ta, Turanci ne ya ware shi kaɗai. Har a ofisoshin Tarayyar Turai an san wannan matsalar, tana cikin kalmomin da ake jan kunnen ma'aikata a kansu in za su rubuta Turanci.

MalamShehu_Turanci:
Gaskiya ne, kuma in kin duba ƙamusin Turanci na Merriam-Webster za ki ga ya kawo waccan ma'anar ta abin da ya dogara ga sharaɗi amma ya sa mata alamar tsohon yayi. Wato Turanci ma ya taɓa riƙe ta ya saki. Inda ta saura da rai shi ne a eventuality, in an ce prepare for every eventuality ana nufin a shirya wa duk abin da ka iya tasowa, ko ya zo ko bai zo ba. To kin ga 'yan gida ɗaya amma sunan yana wataƙila sifar tana tabbas, dole mai koyo ya ruɗe.

Nazifi_Kurna:
To na ji na yarda ba final ba ce. Amma fisabilillahi duk wannan wahalar ta mece ce, mu da Hausarmu daga ƙarshe kawai za ka ce ka wuce wurin.

Tafinta_Kaduna:
Nazifi ai nan ne ma aikin yake. Ni fassarar labarai nake yi kuma wannan kalmar ba ta da takwara guda a Hausa da za ka ɗauke ka ajiye a gurbinta, saboda mu ba mu cika sifanta abu ta wannan hanyar ba, da aikatau muke yi. Ka lura da abin da Bala ya rubuta a sama ba tare da ya yi niyya ba, cewa ya yi "su ɗin nan ne suka zo suka cire Senegal". Wannan zo ɗin ba zuwa da ƙafa ba ne, shi ne yake ɗauke da nauyin da eventual take ɗauka. Yaron da ya zo ya zama sarki, matar da ya zo ya aura, ƙungiyar da ta zo ta ɗauki kofin, cutar da ta zo ta zama ajalinsa. Duk Bahaushe ya ji ya san an ɗauki lokaci kuma a farko ba haka abin yake ba. Masu fassara da yawa suna mantawa da shi sai su yi ta cusa daga ƙarshe a ko'ina har jimla ta yi nauyi, ka ji an ce zakarun ƙarshe, wanda a kunnen Bahaushe yana iya zama zakarun da babu wasu bayansu ko ma waɗanda suka zo na ƙarshe. Ni in na ga his eventual successor ba na wahalar da kaina, wanda ya zo ya gaje shi nake rubutawa, in kuma abin bai faru ba tukuna sai in ce duk wanda zai gaje shi nan gaba.

Ummi_Gwale:
Wallahi Malam Tafinta ban taɓa lura da wannan zo ɗin ba kuma kullum ina faɗa. To subsequent fa? Ita ma ai daga baya ce.

Tafinta_Kaduna:
Ita subsequent daga bisani ce ko wanda ya biyo baya, ba ruwanta da ƙarshe. Abu ya faru, wani ya biyo shi, shi kenan aikinta, ana iya samun goma a jere duk subsequent ne. Ɗauki Buhari, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003 bai samu ba, takarar 2007 da ta 2011 su ne subsequent attempts, nasarar 2015 kuma ita ce eventual victory. Consequent kuma tana ƙara cewa na farkon ne ya jawo na biyun, kamar ambaliya da tsadar abincin da ta haifar.

Barista_Aisha:
Bari in ƙara wani abu ta ɓangarenmu tunda DanMaradi ya kawo zancen takarda. Ni ina ba mutane shawara su guji eventual da eventually a duk wata yarjejeniya ta kuɗi ko kaya, ko da kuwa kowa ya fahimci ma'anarta daidai. Dalili shi ne ba ta da rana. In mutum ya rubuta miki zai biya eventually to ya amsa bashin amma bai ɗaure kansa da lokaci ba, wata uku eventually ne shekara biyar ma eventually ne, ranar da kika je neman haƙƙinki zai ce ai bai ce ba zai biya ba. A rubuta kwanan wata ƙarara, ko a rubuta cikin kwana kaza daga ranar da aka sauke kaya. Mata masu sayar da kaya bashi ta waya ku ne kuka fi faɗawa wannan, don yawanci saƙon WhatsApp ne kawai shaidarku.

Fati_Zinariya:
Barista kamar kin san abin da nake ciki. Atamfofi da lesuka nake bayarwa, wata tun kafin azumi ta rubuto min Anti kar ki damu I will pay eventually, ni kuma na ji daɗi na ɗauka nufinta nan kusa. Yanzu na gane abin da aka faɗa min.

Barista_Aisha:
Hajiya ki koma mata cikin mutunci ki ce ta sa miki rana da bakinta a rubuce, ko kashi kashi ne. Yawanci ba mugunta ba ce, rashin ranar ne yake sa mutum ya yi ta turawa gaba.

Abu_Huzaifa:
Ni abin da ya tsaya min tun bayanin Malam Shehu shi ne amfani da ita a kan abin da bai faru ba. Na abin da ya wuce babu matsala, an gani an shaida. Amma mutum ya ce our eventual victory alhali ana tsakiyar abu, ai ya yanke hukunci a kan gaibu kenan. Mu an koya mana kar ka ce zan aikata kaza gobe sai ka haɗa da in Allah ya so, yana cikin Suratul Kahfi. Shi ya sa na fi natsuwa da tamu kalmar aƙiba, don in ka ce Allah ya sa mu yi kyakkyawar aƙiba ka san akwai ƙarshe amma ba ka ce ka san irinsa ba.

MalamShehu_Turanci:
Malam Abu Huzaifa na fahimce ka, amma ina ganin ka ɗora wa kalmar abin da ya fi ƙarfinta. In an yi amfani da ita a kan gaba, ba koyaushe take cewa na san gaibu ba. Sau da yawa abin da ba a sani ba shi ne wane ne ko yaushe ne. In ana gasa aka ce the eventual winner will receive kaza, an san dai dole wani ya ci, ba a ce ga shi ba. Mu ma ai muna cewa komai daren daɗewa gaskiya za ta fito, kuma babu wanda ya ce mun yi shisshigi. Mai magana ne zai ƙara in sha Allahu, wannan tarbiyyarsa ce, ba aikin sifa ba ne.

Abu_Huzaifa:
Na yarda da misalin gasa. Amma our eventual victory fa Malam, nan ai ya faɗi wane ne. Ni dai har yanzu ina jin ƙarfin hali a cikinta.

Tafinta_Kaduna:
A nan ina bayan Abu Huzaifa kaɗan. 'Yan siyasa da masu talla suna son kalmar ne daidai saboda wannan ƙarfin halin, tana sa abin da ake fata ya yi kama da abin da an riga an gama. In na same ta a bakin ɗan takara ba na fassara ta kamar labari, sai in ce nasarar da ya ce za su samu, don mai sauraro ya san maganarsa ce ba tamu ba.

Sadiq_Kwamfuta:
Ku ba ni dama in shigo da namu na masu kwamfuta, don mu ma muna da ita a wani suna da duk wanda ya karanci ma'ajiyar bayanai ya sani, eventual consistency. Manyan manhajoji ba a kwamfuta ɗaya suke ajiye bayananka ba, suna kwafe su a wurare da yawa a ƙasashe daban daban don in ɗaya ta mutu sauran su ci gaba kuma don abu ya yi sauri. To in ka canza wani abu, ɗaya ce take fara karɓa sannan ta isar wa sauran, a ɗan tsakanin nan wani zai ga sabo wani zai ga tsoho. Irin abin da kake gani in ka sauya hotonka abokinka ya ce shi har yanzu tsohon yake gani, ko adadin masu son rubutu ya bambanta a wayoyi biyu. Alkawarin da tsarin ya yi shi ne in aka daina canje canje to dukkansu za su zo su daidaita, amma bai ce a daƙiƙa kaza ba. Kun ga daidai abin da Barista ta faɗa, akwai tabbas babu rana. Da ma'anar Faransanci aka ɗauka da sunan ya zama wataƙila su daidaita, kuma babu injiniyan da zai yarda ya gina komai a kan haka.

Nazifi_Kurna:
Kenan shi ya sa in an turo kuɗi alat yake daɗewa?

Sadiq_Kwamfuta:
Ba lallai ba, wannan sau da yawa layin saƙo ne ko hanyar da ke tsakanin bankuna biyu. Lissafin kuɗin asusu an fi tsaurara masa, don ba a so a ce ka cire kuɗi ɗaya sau biyu kafin kwamfutoci su gama jituwa.

Baban_Khalifa:
Kun yi nisa, ku dawo kan tambayar yarinya. Ummi ni tsohon ma'aikaci ne ba malamin Turanci ba, amma ga misali daga abin da muka gani da idonmu. An yanke shawarar mayar da babban birnin tarayya daga Legas zuwa Abuja a 1976 zamanin Janar Murtala, amma gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991 zamanin Babangida. Shekara 15 ana gini ana tsayawa, gwamnatoci suna sauyawa, mutane da yawa sun fitar da rai za a koma. Wanda zai rubuta tarihin nan zai ce the eventual move to Abuja. Haka Mandela da ya yi shekara 27 a kurkuku aka sake shi a 1990, his eventual release. Kuma kar ki ɗauka sai abin alheri, masaƙun Kaduna da na Kano da muka sani suna aiki dare da rana, aka yi ta fama da rashin wuta da shigowar kayan waje ana rage ma'aikata kaɗan kaɗan har aka zo aka rufe da yawansu, wannan ma eventual closure ne. Duk wanda ya zauna Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna, a wancan lokacin ya san ba rana ɗaya abin ya faru ba.

Ummi_Gwale:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in gwada ku duba min. Na ɗaya, After many delays, the eventual completion of the road pleased the traders. Na biyu, Her success was eventual. Na uku, I woke up, prayed and eventually ate breakfast.

MalamShehu_Turanci:
Na ɗaya ya yi daidai. Na biyu ki gyara, wannan sifar kusan kullum a gaban suna take zama, ba a cika barin ta ita kaɗai a bayan was ko is ba, sai ki ce her eventual success, ko she eventually succeeded wanda ma ya fi sauƙi a baki. Na uku nahawunsa lafiya amma ma'anar ba ita kike nufi ba, sai dai in an daɗe ana jiran karin kumallon ko an sha wahala kafin a samu. In jerin abubuwa kawai kike yi then ta ishe ki. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a insha'in ɗalibai, suna ɗaukar eventually su sa a sakin layi na ƙarshe a madadin finally ko lastly saboda tana da tsawo tana kama da babban Turanci. In kina jero hujjoji, firstly, secondly, to ta ƙarshe finally ce ko lastly, eventually ba ta shiga nan ko kaɗan. Sai furuci, nauyin yana kan gaɓa ta biyu, kuma t ɗin nan kamar c ɗinmu ta Hausa ake faɗinta, i-VEN-cu-wal, ki kuma kula da v ɗin kar ta koma b.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Malam ni tambayata at last ce, don nan muna yawan faɗinta. Ita da eventually ɗaya ne?

MalamShehu_Turanci:
Suna kusa amma at last tana da zuciya a ciki, mai faɗinta ya ƙosa kuma ya ji daɗi da abin ya zo, kamar ka ce alhamdulillahi sai yau. Shi ya sa ba za ka ce he died at last a kan wanda kake ƙauna ba, sai a ɗauka dama jira kake. He eventually died kuwa labari ne kawai, ya yi ta jinya har rai ya yi halinsa.

DanMaradi_227:
Wannan bambanci akwai shi a Faransanci ma, enfin da finalement. Malam Tafinta ni kuma maganarka ta zo ɗin nan nike ta juyawa, don mu nan muna cewa har ya kai ga, kamar ya yi ta ciwo har ya kai ga barin aiki. Ina ganin ita ma tana yin aikin.

Tafinta_Kaduna:
Tana yi sosai, musamman in abin a hankali ya yi ta taruwa har ya kai wani matsayi. Bambancin da nake ji shi ne har ya kai ga tana nuna hanyar ce ta kai shi can, zo kuma ba dole ba, mutum yana iya zuwa ya zama abin da babu alamarsa a farko. Misalin Baban Khalifa na masaƙu har ya kai ga ya fi dacewa da shi, na Kwaddibuwa kuma zo.

'YarGarwa:
Ni ban gamsu da wannan rabon ba Malam Tafinta. A bakinmu nan ina jin ana cewa ya yi ta ciwo ya zo ya bar aikin, kuma hanyar ce ta kai shi. Ina ganin ya danganta da gari.

Bala_Tamaula:
Ultimate fa, kowa ya tsallake ta kuma tana cikin tambayar Ummi tun farko.

MalamShehu_Turanci:
Gaskiyarka Bala. Ita ce ta fi kusa da eventual, a wasu wuraren ma suna musanya, ultimate outcome da eventual outcome kusan abu guda ne. Sai dai ultimate tana kallon matuƙa, inda babu gaba, shi ya sa ake cewa ultimate goal wato babban burin da duk sauran suke yi wa hidima, ko ultimate responsibility wato wanda alhaki yake tsayawa a kansa. Ka ce eventual responsibility ka sauya magana, ya zama alhakin da zai zo ya hau kansa nan gaba. Ummi in jarrabawarki irin ta zaɓi ɗaya cikin huɗu ce, ki duba ko jimlar tana da alamar jira ko jinkiri, irin su after years of, despite, delays, in akwai to eventual suke nema.

Abu_Huzaifa:
Malam to eventual goal fa, na taɓa gani an rubuta. In ultimate goal shi ne babban buri, wannan kuma me zai zama, tunda buri ai tun yanzu yake a zuciya ba sai an jira shi ba?